Daga Filin Pantami Zuwa Kogin Gaji: Yadda Ake Zaɓen Lensin Kyamara

Wani yaro da ya koyi ɗaukar hoto a hannuna, wanda yanzu ya buɗe shagonsa a Gombe, ya kira ni wata rana bayan sallar isha'i. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Oga, na ɗan tara wani abu daga aikin bukukuwa. Lensi nake so guda ɗaya, wanda zan ɗauki ƙwallo da shi a filin Pantami, in na je Yankari ya jawo min giwa har gabana, in kuma na hau Tula ya kwaso min duwatsun nan kaf. Wanne zan saya?" Na ce masa ayyuka uku ya lissafa, kuma kowannensu da abin da yake nema a wurin gilashi. Mun kai kusan awa guda a waya. Tambayar tasa ta daɗe tana zuwar mini daga bakin samari masu sha'awar wannan sana'a, shi ya sa na ga ya dace in baje maganar a fili.

Duk lensin da ka ɗauka za ka ga lambobi iri biyu a jikinsa. Na farko milimita ne, kamar 18-55 ko 70-200 ko 150-600, inda lamba biyun ke nufin lensin yana zum daga ta farko zuwa ta biyu. Wannan shi ke gaya maka faɗin abin da kyamara za ta gani. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai yawa amma komai ya fito ƙanana, babbar lamba kuma tana tsuke ganin ta cika hoton da abu guda. A babbar kyamara mai cikakkiyar sensa (ɗan allon cikin kyamara da hoto ke sauka a kai), wadda faɗinta milimita 36 ne tsayinta 24, lensi mai 24 yana ganin kusan digiri 74 daga hagu zuwa dama, mai 50 yana ganin kusan 40, mai 400 kuwa digiri 5 kacal. Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, kamar f/2.8 ko f/5.6, wato girman ƙofar da haske ke bi. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 rabin hasken ya tafi, daga f/4 zuwa f/5.6 rabin abin da ya rage ya sake tafiya. Tsadar lensi da nauyinsa galibi daga wannan lamba ta biyun suke fitowa, domin a buɗe babbar ƙofa a dogon lensi sai an zuba gilashi mai faɗi.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so kowane mai kyamara ya riƙe, don shi ke raba gardama tun kafin a kai ga shago. Ka ninka milimitar lensi da tsayin abin da za ka ɗauka, ka raba da nisan da ke tsakaninku. Abin da ya fito shi ne girmansa a kan sensa. Ɗan ƙwallo mai tsayin mita 1.8 da ke nesa da kai da mita 50, in ka ɗauke shi da lensi mai 200, zai ci milimita 7 da ɗoriya a cikin 24. Bai kai sulusin hoton ba. Da mai 400 zai ci 14 da ɗoriya. Galibin kyamarorin da nake gani a hannun samarinmu, irin su Canon 700D da Nikon D5300, masu ƙaramar sensa ne, tsayinta wajen milimita 15. Saboda haka abin da lensi ya nuna a kansu kamar an ninka milimitarsa ne sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony. Mai 200 ya koma kamar 320 ko 300. Wannan riba ce ga mai ɗaukar ƙwallo da namun daji, asara ce kuma ga mai son kwaso fili.

Mu fara da ƙwallo. Cikakken fili tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Mai hoto yakan zauna ne bayan layin gola, tsakanin raga da tutar kwana. Daga nan, abin da ke faruwa a cikin yadi na sha takwas bai wuce mita 10 zuwa 25 da kai ba, tsakiyar fili kuwa ta haura mita 50. Shi ya sa in ka lura da ƙwararrun da ke zaune a gefen fili a wasannin Ingila ko Sifen, za ka ga kowanne da kyamara biyu: ɗaya ɗauke da ƙaton 400 f/2.8 a kan sanda mai ƙafa ɗaya, ɗayar kuma rataye a kafaɗa da 70-200 f/2.8, don in wasa ya matso a sauya. Wannan ƙaton kuɗinsa ya haura dala dubu goma, nauyinsa wajen kilo 3. Yaro ya ga haka sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ɗauka in ba shi da irinsa ba ya cikin lissafi.

To amma a tambayi dalilin da ya sa suke neman f/2.8. Wasanninsu da yawa da dare ake yi ƙarƙashin fitilu, ko da rana a lokacin sanyinsu da gari ke lumshe. Kafin ka tsayar da mai gudu cak a hoto, kana buƙatar kyamara ta ƙifta a kashi ɗaya cikin 1000 na sakan ko fiye da haka sauri. In haske ya yi ƙaranci, ba ka da mafita sai babbar ƙofa, ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, hoton ya cika da yashi-yashi. Wurin da mai f/2.8 zai yi aiki da ISO 3200, mai f/5.6 sai ya kai 12800, ƙananan kyamarorinmu kuwa ba sa jure haka. Mu a nan Allah Ya hore mana rana. Wasan Wikki Tourists a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Gombe United galibi da ƙarfe 4 na yamma ake take shi. A tsakar rana mai ƙarfi, f/5.6 da ISO 100 kawai suna ba ka kusan 1/800. Ka ɗaga ISO zuwa 400, ka samu 1/3200. Ma'ana abin da Bature ke zuba dubban daloli ya saya, rana ta ba ka mafi yawansa kyauta. Inda za ka ji a jikinka shi ne mintuna ashirin na ƙarshe a watan Disamba da Janairu, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 6 kuma hazo ya riga ya shanye ta tun kafin ta kai ƙasa. A nan ne mai f/4 ko f/2.8 zai ci gaba da aiki, kai kuma kana ta ɗaga ISO. Sau da yawa kuwa a waɗannan mintunan ne ake cin ƙwallon da gari zai kwana yana maganarta.

Babbar ƙofa tana da wani amfani na biyu, wato narkar da abin da ke bayan ɗan wasa, 'yan kallo da allunan talla su zama dishi-dishi shi kuma ya fito raɗau. Abin sha'awa ne, amma ni ban sa shi a gaba ba. Abin da na fi dubawa a lensin wasa shi ne saurin fokas. Ɗan wasa yana tahowa a guje, in injin da ke cikin lensi mai nawa ne, kafin ya kama shi an wuce wurin. Akwai wani 75-300 na Canon mai araha da ake yawan haɗa wa mutane da kyamara. Lambarsa tana ruɗar yara don sun ga 300, amma fokas ɗinsa ba shi da kuzari, hotonsa a ƙarshen zum ba ya fita tas, kuma ba shi da na'urar hana girgiza. 55-250 STM na kamfanin ya fi shi nesa ba kusa ba, duk da lambarsa ba ta kai ba. A ɓangaren Nikon, 70-300 AF-P yana da sauri ƙwarai. Wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi ya nemi 70-200 f/4, ko da na hannu ne. Nauyinsa kusan rabin na f/2.8 ne, kuma a ranarmu ya wadatar. Na'urar hana girgizar nan kuwa, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC, rawar hannunka kawai take gyarawa. Ba ta tsayar da mai gudu. Na sha ganin wanda ya dogara da ita ya sauke saurin ƙiftawa zuwa 1/125, ya dawo gida da ciyawa tas, 'yan wasa kuma kamar hayaƙi.

Ba ƙwallo kaɗai ne wasa ba a wurinmu. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Bauchi ko ta Gombe, in mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jafi, cikin 'yan sakanni doki ya tashi daga mita 80 ya iso gabanka. A nan zum irin 70-200 ya fi dogon lensi mai lamba ɗaya, domin kana bin dokin kana ja baya da zum ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Dambe da kokawa kuwa akasin haka ne. Kana bakin da'ira, mita 5 zuwa 10, kuma sau da yawa sai magariba ta kawo jiki ko an kunna ƙwan lantarki ake fitar da manyan 'yan wasa. A wannan wuri ɗan ƙaramin 50 f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, ya fi dogon lensin da ya ninka shi kuɗi sau goma.

Yankari ita ce inda mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962. Ba da ƙafa ake zagaya shi ba. Mota ake shiga da ɗan rakiya, safe da yamma, kuma ba ka da ikon sauka ka matsa kusa da dabba don hotonka ya yi kyau. Nisan da Allah Ya ba ka shi za ka yi aiki da shi. Da rani, in ciyawa ta bushe kududdufai suka ƙafe, namun sukan taru a kwarin kogin Gaji, a nan ake samun gwambaza da mazo da ɓauna, in an yi sa'a har da garken giwaye, wanda yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya.

Mu koma ga lissafinmu. Giwa mai tsayin mita 3 a nisan mita 40, da lensi mai 200, ta ci milimita 15. A ƙaramar kyamara ta cika hoton daga sama har ƙasa. In mai 600 ne a hannunka, kunne da haure kawai za ka samu. Amma ɗan tsuntsu mai tsayin santimita 15 da ke kan reshe a mita 10, ko da 600 ɗin, milimita 9 kawai zai ci. Ka ga ke nan namun daji ba abu ɗaya ba ne. Mai neman giwa da ɓauna, ko raƙumin dawa da jakin dawa na gandun Sumu da ke jihar Bauchi, 300 ya ishe shi a yawancin lokuta. Mai neman tsuntsaye, waɗanda a Yankari an ƙirga sama da iri 350, shi kam ko 600 bai yi masa yawa ba. Wannan ne ya sa nake ganin zum mai dogon zango ya fi dacewa da mutum irinmu: 100-400, ko 150-600 na Sigma da Tamron, ko 200-500 f/5.6 na Nikon, ko 200-600 na Sony. Kowannensu, ban da 100-400, nauyinsa wajen kilo 2 ne ko ya ɗan ɗara. Kilo 2 ba komai ba ne a shago, amma ka riƙe shi a ido minti biyar kana jiran burtu ya ɗago kai, za ka san akwai shi.

Matsalar waɗannan lensi ita ce ƙofar galibinsu tana tsukewa zuwa f/6.3 in ka zuƙe su, namun kuma sun fi fitowa da sanyin safiya da la'asar sakaliya, sau da yawa a inuwar manyan itatuwan bakin kogi. Ga kuma tsohuwar ƙa'ida ta riƙon hannu: saurin ƙiftawa kada ya gaza milimitar lensi, wato mai 600 yana son 1/600, a ƙaramar kyamara ma kusan 1/1000. A nan ne na'urar hana girgiza take biyan kuɗinta, domin mazon da ya tsaya yana kallonka ba gudu yake ba. Sai kuma dabara mai sauƙi. Ina ɗinka 'yar jaka in cika ta da wake ko gero kamar mudu guda, in ɗora a kan ƙarfen mota in kwantar da lensi a kai, in roƙi direba ya kashe inji. Wannan jakar ta gyara min hotuna fiye da wasu kayan da na saya da tsada.

Abin da babu lensin da ke maganinsa shi ne iskar da ke tsakaninka da dabbar. Wata rana a watan Maris, wajen ƙarfe 11, na hango gwanki a wani buɗaɗɗen fili, nisansa zai kai mita 200. Na zuƙe lensi har ƙarshe na ɗauka ya fi sau talatin. A bayan kyamara kamar sun yi. Da na buɗe su a kwamfuta sai na ga ƙahonnin sun lanƙwashe kamar ana kallonsu ta cikin ruwa, gashin jikinsa ya narke. Kawalwalniya ce, zafin da ke tashi daga ƙasa yana karkata haske, dogon lensi kuma sai ya ƙara girmama ɓarnar. Haka hazon hunturu yake yi, ya shafe launi ya bar hoto fari-fari. Milimita tana girmama abin da ke kusa ne, ba ta share ƙurar da ke tsakani. Saboda haka masu cewa za su ƙara gilashin nan da ake sakawa tsakanin kyamara da lensi, mai ninka tsawo sau 1.4 ko sau 2, su yi tunani. Na 1.4 yana cinye rabin haske, na 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu. In ka ɗora na 1.4 a kan f/6.3 ka koma f/9, kyamarori da yawa masu madubi a ciki, irin su 700D da D5300, kuwa fokas ɗinsu yana tsayawa ne a f/5.6 ko f/8. Akwai kuma irin su Nikon P900 da P1000, masu lensi a manne da ke kaiwa kwatankwacin 2000 da 3000. Ga mai son shaidar cewa ya ga tsuntsu kaza suna da amfani, sai dai sensarsu 'yar mitsitsiya ce, da haske ya ragu sai hoto ya lalace. In ka sauka a sansanin Wikki kuma ka kula da jakar kayanka, don gwaggon birin wurin ba sa tsoron mutum, kuma duk jakar da suka gani a ajiye abinci suke zaton ciki.

Hoton ƙasa da duwatsu shi ne mafi sauƙin kuɗi. Lensin nan 18-55 da ke zuwa da kyamara, wanda ake rainawa, in ka tsuke shi zuwa f/8 ko f/11 ka ɗora a kan sanda mai ƙafa uku, zai ba ka hoton da za a buga babba a rataya a bango. Kada dai ka wuce f/16, don daga nan haske yakan fara watsuwa a bakin ƙofar hoto ya yi laushi. Mutane suna zaton hoton fili sai da lensi mai faɗi sosai. Ka tsaya a hanyar Kaltungo ka ɗauki dutsen Kilang da 10 ko 12, za ka ga dutsen da ya cika maka ido ya koma ɗan tsiro a can ƙarshe, sama da kwalta sun cinye hoton. Lensi mai faɗi, irin 10-18 na Canon ko 10-20 na Nikon ko 11-16 na Tokina, yana aiki ne in akwai abin da za ka sa a gaba dab da kai, kamar kuka ko rumbu ko kwalekwale a bakin dam ɗin Dadin Kowa, dutse ko ruwa ya zama baya. Yana kuma aiki a matsattsen wuri kamar ruwan ɗumi na Wikki, inda ba ka da wurin ja da baya, ga dutse ga itatuwa sun rufe sama. A wannan ruwa, wanda ɗuminsa ba ya barin digiri 31 dare da rana, filta mai kashe ƙyalli ta fi sabon lensi amfani. Kana murza ta sai ƙyallin saman ruwa ya gushe, farin yashin ƙasa ya bayyana.

Mafi soyuwar hotunan duwatsu da na ɗauka da dogon lensi na yi su. Daga saman Tula, ko a wajen duwatsun Mbula na Dass, in ka sa 135 ko 200 sai tsaunukan su jeru kamar an jingina su da juna, kowanne ya fi na gabansa haske. Hazon da ya ɓata mana hoton gwanki shi ne a nan yake raba su sahu-sahu. Mai son shuɗin sama da kore shar kuwa sai ya jira damina, daga Agusta zuwa farkon Oktoba, washegarin ruwan sama.

Saura maganar saye. Galibinmu na hannu muke saya, kuma ba laifi ba ne, sai dai a duba abu biyu. Na farko bakin lensi ya dace da kyamararka. Canon EF da RF ba ɗaya ba ne, haka Nikon F da Z. Sababbin, wato RF da Z, sun fito ne a 2018 don kyamarori marasa madubi, tsofaffin lensi suna hawa kansu da adafta amma sababbin ba sa komawa kan tsofaffin kyamarori. Lensin EF-S, wanda aka yi don ƙaramar sensa, ba ya shiga babbar Canon mai madubi. Ƙananan Nikon irin D3400 da D5300 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsohon lensi mai alamar AF-D da hannu za ka riƙa murza shi, lensin AF-P kuma ba ya aiki a tsofaffi irin D90. Na biyu lafiyar gilashin. Na taɓa sayen wani 70-300 da aka aiko min daga kudu ban gan shi da idona ba. Jikinsa fes, amma duk hoton da na ɗauka rana tana gefe sai ya fito kamar an shafa masa man kaɗe. Da na haska tocilan ta bayansa a ɗaki mai duhu sai ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo a gilashin ciki. Fumfuna ce, wadda laima ke haifarwa, kuma ta riga ta ci rufin gilashin. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na haska, na murza zum daga farko zuwa ƙarshe na ji ko yana kartar yashi, na ɗora a kyamarata na ɗauki babur da ke tahowa in ga ko fokas zai bi shi. Mu a nan ƙura ce abokiyar gabarmu. Lensin da ke miƙewa in an yi zum yana shaƙar iska kamar zugazugi, don haka a hanyar Yankari ina rufe nawa da rigar filo, kuma ba na sauya lensi a cikin mota tana tafiya.

Shi yaron nawa Canon ce mai ƙaramar sensa a hannunsa. Na ce masa ya riƙe 18-55 ɗinsa don Tula da Dadin Kowa, ya sayi 55-250 STM don Pantami da hawan sallah, ya haɗa da filta mai kashe ƙyalli mai bakin milimita 58, wadda za ta hau duka biyun. Da 250 ɗin, wanda a kyamararsa kamar 400 ne, zai samu giwa da gwambaza. Ranar da ya shirya zuwa neman tsuntsaye a bakin Gaji, ya biyo ta Bauchi ya karɓi aron 150-600 ɗina da jakar waken, ya yi kwana uku da su ya ji nauyin a kafaɗarsa, sannan mu sake magana a kan ko zai saya.